Kuɗin mota da littafi: me ke hana ɗaliban kwalejojin al'umma a Amurka kammala karatu?

A shekarar 2015 jihar Arizona ta Amurka ta zartar da kasafin kuɗinta, sai aka ga ba a ware wa manyan gundumomin kwalejojin al'umma biyu, Maricopa da Pima, ko sisi na tallafin gudanarwa ba. Gwamna Doug Ducey ya rattaba hannu a haka. Kwalejojin ba su rufe ba, domin suna samun harajin gidaje da filaye daga yankunansu, ga kuma kuɗin da ɗalibai ke biya. Amma duk wanda ya san yadda makaranta ke tafiya ya san wanda zai ji a jikinsa.

Kwalejin al'umma makarantar gaba da sakandare ce ta shekara biyu, wadda kusan ba ta mayar da kowa. Ta farko ta gwamnati an buɗe ta a garin Joliet na jihar Illinois a 1901, yau kuwa sun kai kusan dubu. Can ake horar da ma'aikatan jinya da masu walda da masu gyaran na'urori, wasu kuma su yi shekara biyunsu su wuce jami'a. Yawancin ɗalibanta 'ya'yan talakawa ne da magidanta masu aiki da baƙin da suka zo neman arziki. Shiga ba wuya, fita da takarda ce jan aiki: cikin ɗalibai goma da suka fara cikakken karatu, kusan uku ne kawai ke kammalawa cikin shekara uku.

Kalifoniya ce ta fi nuna wa duniya abin da zaftare kuɗi ke jawowa. Bayan karayar tattalin arzikin 2008, jihar ta rage wa kwalejojinta kusan dala biliyan 1.5 cikin 'yan shekaru. Kuɗin kowane ma'aunin darasi ya tashi daga dala 20 zuwa 46 a 2012. Aka soke azuzuwa da yawa, ɗalibai suka ragu da kusan rabin miliyan. Abin takaicin shi ne, a daidai lokacin ne mutanen da suka rasa aiki ke tururuwar komawa makaranta.

A ɗauki misalin wata mai 'ya'ya biyu da ke aikin dare a kanti. Darasin lissafi ɗaya ya rage mata. Ta buɗe kwamfuta ranar rajista, ta tarar ajin safe ya cika, na yamma kuma an soke shi. Ta je ofishin mai ba ɗalibai shawara, aka ce ta dawo bayan mako uku, don mutum ɗaya ne ke kula da ɗalibai ɗaruruwa. Ta ce bari ta jira zango mai zuwa. Kafin nan mota ta lalace, kuɗin haya ya taso. Babu wanda ya kore ta, babu jarrabawar da ta faɗi, sai dai kawai ba a sake ganinta ba. Haka yawancinsu ke sulalewa.

Jami'ar Birnin New York, wadda aka fi sani da CUNY, ta gwada wata dabara a kwalejojinta na al'umma tun 2007 da wani shiri mai suna ASAP. Ba wani sihiri a ciki. Ɗalibi zai yarda ya yi cikakken karatu, makaranta kuma ta cike masa gibin kuɗin makaranta, ta ba shi littattafai, ta ba shi katin shiga jirgin ƙasa da bas kyauta. A farkon shirin, an rage wa kowane mai ba da shawara nauyi zuwa ɗalibai 60 zuwa 80, ana ganawa sau biyu a wata. Katin nan na mota kuwa sai wanda ke zuwa ganawar ake ba wa, kun ga dabarar ke nan. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido: masu tsara manufofi suna can suna muhawara kan manhaja, ɗalibi kuwa kuɗin zuwa makaranta ne ya gagare shi.

Cibiyar bincike ta MDRC ta raba ɗalibai kusan 900 gida biyu ta hanyar ƙuri'a, wasu cikin shirin, wasu a tsarin da aka saba. Rahoton da ta fitar a 2015 ya nuna kashi 40 cikin 100 na 'yan shirin sun kammala cikin shekara uku, sauran kuwa kashi 22. Aka ce ai New York daban take. Sai kwalejoji uku a jihar Ohayo suka kwaikwaya, suka maye katin jirgi da katin dala 50 a wata na sayen mai ko cefane. Sakamakon ya zo kashi 35 da kashi 19.

Shirin yana da tsada, babu musu. A New York an kashe wa kowane ɗalibi ƙarin kusan kashi 60 cikin 100. Amma da aka raba kuɗin a kan waɗanda suka fita da takarda, sai kowace takarda ta zo da rahusa fiye da ta tsohon tsari. Masana tattalin arziki David Deming da Christopher Walters ma sun gano a 2017 cewa ƙara abin da kwaleji ke kashewa a kan ɗalibai ya fi rage kuɗin makaranta tasiri wajen kammala karatu. 'Yan siyasa dai sun fi son alkawarin karatu kyauta, don shi ke jan tafi a wurin gangami. Albashin mai ba da shawara ba ya kawo ƙuri'a.

A ganina, jihar da ta zaftare wa kwalejojinta kuɗi, sannan ta dawo tana tuhumarsu da rashin yaye ɗalibai, ita ce ya kamata ta fara amsa tambaya.