Irna Phillips da Kafuwar Wasan Kwaikwayo Mai Dogon Zango

Wasan kwaikwayo mai dogon zango, wato wanda ake watsawa kashi-kashi a kowace ranar aiki ba tare da an sa wa labarinsa ranar ƙarewa ba, ya sami siffarsa ne a hannun Irna Phillips, wadda aka haifa a birnin Chicago na Amurka a 1901, auta a cikin 'ya'ya goma na wani gidan Yahudawa. Bayan ta yi shekaru tana koyarwa, sai ta kama aiki a gidan rediyon WGN a 1930, inda ta ƙirƙiro Painted Dreams, amma da shirin ya karɓu, gidan rediyon ya ce mallakarsa ne, kuma da aka je kotu bai koma hannunta ba. Daga nan ta riƙa riƙe haƙƙin mallakar shirye-shiryenta, tana ciniki da masu talla, musamman kamfanonin sabulu irin su Procter & Gamble, waɗanda ke neman kunnen matan gida da rana.

Gwanintarta ta ginu ne a kan sanin halin mai saurarenta, domin matar da ke girki ko wanki ba za ta tattara hankalinta duka a kan rediyo ba, saboda haka Phillips ta sa labari ya riƙa tafiya sannu a hankali, ana maimaita abin da ya wuce ta bakin 'yan wasa, sannan a yanke kowane kashi daidai inda rai ya rataya. Ta fi son likitoci da lauyoyi da limaman coci su zama jigogin labari, tun da su ne mutane ke kai wa damuwarsu. Ba ta cika rubutawa da hannunta ba. Shifta take yi wa sakatariyarta, tana kwaikwayon muryar kowane ɗan wasa.

Shirinta na farko a talabijin, These Are My Children na 1949, bai wuce 'yan makonni ba, amma The Guiding Light, wanda ya fara a rediyo a 1937 ya koma talabijin a 1952, ya ci gaba har 2009. A 1956 ta ninka tsawon kashi daga minti 15 zuwa 30 a sabon shirinta As the World Turns, ba don ta cusa ƙarin rigingimu ba, sai don kyamara ta daɗe a kan fuskokin masu hira, kuma wannan yana daga cikin manyan abubuwan da ta kawo wa talabijin.

An san ta da tsanani ga 'yan wasa da shugabannin kamfani, har ta bar shirinta Love Is a Many Splendored Thing bayan tashar CBS ta ƙi yarda da soyayya tsakanin Bature da mace mai jinin Asiya. Procter & Gamble ya sallame ta daga As the World Turns a 1973, ta rasu a watan Disamba na shekarar, lokacin da almajiranta Agnes Nixon da William J. Bell suka riga suka kafa nasu shirye-shiryen, All My Children da The Young and the Restless.