Aku a Gida: Riƙonsa da Koya Masa Magana

Duk wanda ya yi makaranta a ƙasar Hausa ya san Waziri Aku na cikin Magana Jari Ce, littafin da Alhaji Abubakar Imam ya rubuta a nan Zariya, aka buga kashi na farko a 1937. Saboda wannan littafi yara da yawa suna tsammani da an kawo aku gida zai buɗe baki ya yi ta zuba labari. Sai su matsa wa iyayensu a saya musu. To, kafin maigida ya sa hannu a aljihu, akwai abin da ya kamata iyali duka su sani.

Daga ina yake zuwa?

Aku mai launin toka da jar wutsiya tsuntsun kurmi ne. Gidansa yana kudancin Nijeriya, da Kamaru, da Kwango, inda yake tashi cikin garke, yana cin 'ya'yan kwakwar manja, yana yin ƙwai cikin kogon itace. Hanyar da goro da manja suke bi su iso kasuwar Sabon Gari, irinta aku yake bi ya iso wurinmu. Masu kamu sukan ɗana masa danƙo a reshe, ko su kwashe 'ya'yan daga sheƙa, da yawa kuwa a hanya suke mutuwa.

Wannan ciniki ya yi ɓarna ƙwarai. Bincike ya nuna cikin shekara ashirin da 'yan kai bayan 1992, ƙasar Gana ta rasa kashi 90 zuwa 99 cikin 100 na akunta. Domin haka a 2016 ƙasashen duniya suka taru a Johannesburg, suka hana cinikin akun da aka kamo daga daji tsakanin ƙasa da ƙasa. Nijeriya ma tana da dokar tsare dabbobin da ke neman ƙarewa tun 1985. Shawararmu ke nan: wanda ba shi da aku kada ya saya, gama kowane ɗaya da aka saya, sai an koma kurmi an kamo wani.

Wanda yake da shi fa?

Idan akwai aku a gidanku, ko na gādo ne ko na kyauta, kada ku sake shi. Ba zai iya neman abinci a dajinmu ba. Ku dai sani kun ɗauki nawaya mai tsawo, don aku yakan kai shekara 40 har 60. Ya kamata a shirya tun yanzu wane ne cikin yara zai karɓi riƙonsa.

Ku ba shi keji mai faɗi inda zai buɗe fikafikansa, a ajiye shi inda mutane suke zama. Aku da aka bari shi kaɗai yakan shiga fige gashin jikinsa saboda kewa. Da hunturu a rufe kejin da zane da dare, da rana kuwa a yayyafa masa ruwa, gama iskar Zariya ta fi ta kurmi bushewa. A raba shi da hayaƙin risho da maganin sauro, na ƙonawa da na fesawa, domin suna iya kashe shi.

Abincinsa kuwa a riƙa sakewa: dawa, masara, gwanda, ayaba, karas da ganye. Gyaɗa kaɗan ta isa, kada kuma a ba shi wadda ta yi fumfuna. Fiya, da goro, da kofi, da cakulan duk dafi ne a gare shi.

A share kejin kowace rana, amma a jiƙa kashin da ruwa tukuna. Ƙurar busasshen kashin aku tana iya ba mutum zazzaɓi da ciwon kai da tari. Idan haka ya faru, a gaya wa likita akwai tsuntsu a gida. Idan kuwa akun ne ya takure ya ƙi ci, akwai asibitin dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru.

Yadda ake koya masa

Darasi na fari shi ne hawan sanda. Ka miƙa masa sanda daidai ƙirjinsa, ka ce "hau". Da ya ɗora ƙafa, nan take ka ba shi ɗan yankin ayaba, ka yabe shi. Minti 5 zuwa 10 sun isa, safe da yamma. Da haka zai koyi ɗaga ƙafa ya yi gaisuwa, da juyi a kan sanda. Kada a buge shi ko da ya yi cizo. Duka tsoro yake koya masa, tsuntsun da ke tsoro kuwa ba ya ɗaukar karatu.

Wajen magana, wata malama a Amurka, Irene Pepperberg, ta nuna hanya mai kyau. A 1977 ta sami aku ta sa masa suna Alex. Mutum biyu sukan zauna gabansa. Ɗaya ya ɗaga abu ya tambayi sunansa, ɗayan ya faɗa, sai a miƙa masa abin, akun yana kallo. Kafin Alex ya mutu a 2007 ya san kalmomi fiye da 100, yana rarrabe launi 7, yana ƙirga abu har 6. Yara biyu suna iya yin haka da cokali ko mabuɗi. A tuna dai, wani aku sai ya shekara kafin ya ce "sannu", wani ma ba zai taɓa cewa ba. Hakkinsa na ci da sha yana nan a wuyanmu duk da haka.

Iyaye, ga gargaɗi ɗaya. Aku ba ya zaɓen abin da zai ɗauka. Tarin maigida, da kukan waya, da zagin da uwargida ta yi wa yaro, duk zai maimaita su, sau da yawa ma a gaban baƙi. Abin da aka shuka a kunnensa shi za a girbe a bakinsa.

Yaran da ba su da aku kuwa, kada su damu. Muna da tsirya, 'yar'uwarsa ta nan arewa, koriya mai doguwar wutsiya da jan baki. Ku fita da su da sassafe wajen manyan itatuwa su neme ta, ku kuma ajiye kaskon ruwa a tsakar gida da rani, ku ga tsuntsu nawa za su ƙirga kafin damina ta faɗi.