Rubutun Jarida da Ƙagaggen Labari: Taimako ko Cikas?

Akwai wata tsohuwar muhawara tsakanin manazarta adabi game da marubucin ƙagaggun labarai wanda kuma yake da fili a jarida ko mujalla, inda yake bayyana ra'ayinsa ga jama'a a kai a kai. Wasu suna ganin wannan aiki yana wasa alƙalaminsa, wasu kuwa suna ganin yana cinye masa ƙarfin da ya kamata ya tanada domin babban littafi. Manufar wannan maƙala ita ce ta duba al'amarin ta hanyar rayuwar marubuta biyu, ɗaya daga Rasha, ɗaya kuma daga ƙasar Hausa.

Amfanin da ke fili ba ya bukatar dogon bayani. Wanda aka ɗora wa nauyin cika shafi a ƙayyadadden lokaci dole ya koyi zama ya yi rubutu ko yana so ko ba ya so, ya koyi taƙaita zance, ya kuma san abin da ke jan hankalin mai karatu. Inda maganar take da wuya shi ne abin da wannan aiki yake yi wa tunanin marubuci.

A shekarar 1873 Fiyodo Dostoyefski ya soma wani fili a wata mujalla da yake yi wa edita, ya ba shi suna mai ma'anar "Kundin Marubuci". Daga watan Janairu na 1876 ya mai da shi mujalla mai zaman kanta da ke fitowa wata-wata, shi kaɗai ne mai rubuta ta, shi ne kuma mai buga ta. A ciki yakan yi magana a kan duk abin da ya taɓa zuciyarsa: siyasa, addini, shari'o'in kotu, har da amsa wasiƙun masu karatu. A farkon 1876 aka gurfanar da wani uba a birnin Fitasbag saboda ya yi wa 'yarsa mai shekara bakwai mugun duka da tsumagiya, wani shahararren lauya ya kare shi, kotu ta sallame shi. Dostoyefski ya rubuta dogon sharhi a kan wannan shari'a, ya yi kaca-kaca da dabarun lauyan.

Bayan shekara uku wannan magana ta sake ɓullowa a cikin littafinsa na ƙarshe, wanda ya ƙunshi labarin 'ya'yan Karamazof, aka kuma buga shi kashi-kashi daga 1879 zuwa 1880. To amma a nan sai ta canja kama. A mujalla, marubucin ne da kansa yake magana, shi ne mai ƙara, shi ne alƙali. A littafin kuwa, sai ya ɗauki labaran azabtar da yara ya sa su a bakin Iban, wato ɗan da ke jayayya da adalcin Ubangiji, ya bar shi ya kafa hujja da su iyakar ƙarfinsa a gaban ƙanensa mai imani. Dostoyefski mutum ne mai riƙo da addininsa na Kirista, amma duk da haka ya miƙa makami mafi kaifi ga wanda ba su yi tarayya a aƙida ba. A ganina, a nan ne bambancin sana'o'in biyu yake. Mai fili a jarida ana jiran hukuncinsa kafin ƙarshen shafi. Mai ƙagaggen labari kuwa tilas ya danne nasa hukuncin, ya bar taurarinsa su yi ta fafatawa, ko da ɗayansu zai fi shi iya magana. Wanda ya saba yanke hukunci kowane mako yakan shigo da wannan ɗabi'a cikin labari, sai ka ga taurari sun zama 'yan amshin shata, labarin kuma ya koma wa'azi.

Abu na biyu da ya kamata a lura da shi shi ne cewa a cikin shekaru biyun da mujallar ta yi tana fitowa wata-wata, gajerun labarai kawai Dostoyefski ya iya rubutawa. A ƙarshen 1877 ya dakatar da ita, sannan ya fuskanci babban littafin. Ashe mujallar ta zame masa rumbu, amma sai da ya rufe ƙofar rumbun kafin ya soma sussuka. Haka ma Garsiya Markes na Kolambiya, wanda ya soma aikin jarida tun 1948, sai da ya ajiye sauran ayyukansa ya keɓe kansa wajen wata goma sha takwas a Meziko kafin ya gama littafin da ya fito da sunansa a 1967.

Dalilin wannan ba ƙarancin lokaci kaɗai ba ne. Jigon dogon labari yana bukatar ya daɗe a zuci yana nuna, marubuci yana juya shi, yana jin nauyinsa. Idan ya fitar da shi a shafi ɗaya, jama'a suka yaba, to ƙaiƙayin da zai sa shi zaman shekara biyu ya riga ya lafa. Manomi ya san daɗin tumu, amma ya san kuma zangarniyar da aka gasa da ɗanyenta ba za ta shiga dami ba.

Idan muka dawo gida, misalin Alhaji Abubakar Imam ya isa abin nazari. Ya rubuta Ruwan Bagaja domin gasar da Hukumar Fassara ta Zariya ta shirya a 1933 ƙarƙashin Rupert East, yana malamin makaranta a Katsina. A 1936 aka ɗauko shi zuwa Zariya, aka sauke masa nauyin aji, ya zauna ya rubuta Magana Jari Ce. A watan Janairu na 1939 aka soma buga Gaskiya Ta Fi Kwabo, shi ne editanta na Hausa, ya kuma riƙe wannan aiki har 1951. Ba wanda zai musa abin da Hausa ta samu a waɗannan shekaru. Rubutun zube na boko ya zauna da gindinsa, aka sami hanyar bayyana labarin yaƙin duniya da sha'anin mulki da harshen da talaka zai gane. Shi kansa Imam bai daina wallafa ba, domin ya fitar da Tafiya Mabuɗin Ilmi a 1944 bayan ziyararsa Ingila a 1943, da wasu littattafan ilmi da tarihi da addini. Sai dai har ya rasu a 1981 bai sake ba mu wani ƙagaggen labari mai girman Magana Jari Ce ba.

Ba daidai ba ne a ɗora wa jarida laifin duka. Bayan Gaskiya, siyasa da aikin gwamnati sun ɗauke shi, kuma abin da hukumar ɗab'i ta fi bukata a wancan zamani shi ne littattafan makaranta da na yaƙi da jahilci. Amma duk da haka jerin shekarun yana da abin da yake nunawa. Ƙagaggun labaransa duka sun zo ne kafin jarida, mafi girmansu kuma ya fito ne daga lokacin da aka keɓe shi ba shi da wani aiki sai shi. Dostoyefski shi ne mai mujallarsa, saboda haka ya iya rufe ta ranar da ya ga dama. Imam kuwa ma'aikaci ne, jaridar kuma ita ce muryar Arewa a lokacin yaƙi da kuma farkon fafitikar neman mulkin kai, ba shi da halin ajiye ta ya ce zai je ya rubuta labari.