Ruwa ya janye, saura aikin gyara: ɗakin kaji da tafkin kifi bayan ambaliya

'Yan uwa masu kiwo, musamman na Yelwan Yauri, Wara, Shanga da tungayen bakin ruwan Kainji. Tambayar da ta fi yawa a wannan lokaci ita ce: ruwa ya shiga gona ya fita, yaushe zan zuba sabbin tsaki ko 'ya'yan kifi? Amsata a taƙaice: ba yanzu ba.

Tun da aka kammala madatsar Kainji a 1968 muke zaune da wannan ruwa, kuma wanda ya ga ambaliyar 2012 ko ta 2020 da ta cinye gonakin shinkafa a Kebbi ya san halinsa. Abin da ake mantawa shi ne ruwan ambaliya ba ruwan kogi zalla ba ne. Ya bi ta masai, ya bi ta juji, ya kwaso mushe, taki da maganin feshi na fadama, sannan ya ajiye su a ɗakin kajinka. Ruwan ya tafi, amma lakar da ya bari ita ce cutar.

Kafin ka shiga, kashe wuta, sa takalmin roba da safar hannu. Ruwanmu akwai tsargiya, kuma macizai na fakewa a bayan buhuna. In ginin jar ƙasa ne, duba gindin bango tukuna.

Buntun shinkafa ko garin katako da ya jiƙe, kwashe shi kaf, a kai nesa. Abincin da ruwa ya taɓa kuwa, na san da ciwo, buhu ya yi tsada, amma a zubar. Shanya shi a rana zai busar da shi, ba zai cire gubar fumfuna ba, wadda ke lalata hantar kaza da ta kifi, ta rage ƙwai, ta sa rigakafi ya ƙi kamawa. Mushe a binne shi da zurfi, a barbaɗa farar ƙasa, nesa da rijiya. Don Allah kada a jefa a kogi, kada a ba tarwaɗa. Tsutsar ruɓaɓɓen mushe in kaza ta ci, wuyanta ke saki ta mutu.

Ga inda mutane da yawa ke asarar kuɗi: su sayo Izal ko Hypo su watsa a kan laka. Magani ba ya aiki a kan datti, dattin ne ke cinye ƙarfinsa. Sai an kankare laka, an wanke da omo da buroshi daga sama zuwa ƙasa, an ɗauraye, an bari ya tsane, sannan magani. In bilicin da ke hannunka mai ƙarfin kashi 3.5 ne, gwangwani ɗaya a gwangwani shida na ruwa ya isa ƙasa da bango, a bar shi kamar minti 30. Mazubin ruwa da na abinci a jiƙa su, a ɗauraye sosai, a shanya. Kada ka haɗa bilic da wani magani, kuma kada ka zuba shi a kan tarin kashin kaji, iskar da ke tashi tana shaƙe mutum.

Wani abu kuma, ƙwayar cutar kashin jini ba ta jin bilic. Bushewa da zafi ne maganinta. Shi ya sa nake cewa a buɗe labule, rana da iska su yi aikinsu, in da hali a bi daɓen da wuta, sannan a shafe bango da farar ƙasa. A bar ɗakin babu komai aƙalla sati 2 bayan ya bushe. In ƙasan ɗakin turɓaya ce, a kankare saman a zuba sabuwa.

Tafkin ƙasa ya fi ba da wahala. Ambaliya ta kwashe kifinka, ta kuma kawo maka baƙi: tufi, tsage, wani lokaci har 'ya'yan giwan ruwa. Tufi biyu sun isa su gama da 'ya'yan kifin da ka zuba ba ka sani ba, sai ranar kwasa ka ga lissafi bai fita ba. Gaiwa ma ta fi su wayo, shigewa take cikin laka ta yi kwanciyarta har ruwa ya dawo. Don haka a janye ruwan duka, a kwashe baƙar lakar nan mai wari, a toshe ɓarakar gefe, a barbaɗa farar ƙasa gram 100 zuwa 200 a kowace murabba'in mita tun ƙasar na da danshi. Tafki mai mita 10 a 10 zai ci kilo 10 zuwa 20 ke nan. A bar shi har ƙasa ta tsattsage, a cika, a jira sati 2.

Na kusa da gaɓa su lura: Neja ambaliya biyu gare shi. Akwai ta damina, wadda masana ke kira farin ruwa, akwai kuma baƙin ruwa da ke isowa daga tsaunukan Gini wajen Disamba zuwa Fabrairu. Tafkin Kainji zai daɗe a cike, ruwan ƙasa na kusa, tafkinka ba zai bushe da wuri ba. Ni a ganina gara ka koma tamfol a kan tudu na wannan zagaye.

Kwamin siminti da tamfol sun fi sauƙi: wanki, bilic, ɗauraya sau uku, rana. Bilic kaɗan ya saura zai ƙona hucin kifi, shi ya sa ake fara gwadawa da kifi 10 na kwana 3.

Rijiyar da ruwa ya haye bakinta kuma a kwashe ta, a sa mata kulorin, a sake kwashewa kafin kaza ko mutum ya sha. Amai da gudawa ta nan take shigowa gida. Mai son a duba masa ruwa ya tuntuɓi cibiyar binciken kifi ta New Bussa, kajin da suka tsira kuma a ware su, likitan dabbobi ya gan su kafin a haɗa da sabbi.