Hukuncin Sakin Ƙwallo Bayan Rauni

A filayen rairayi na Gure, inda matasa ke wasa da la'asar sakaliya, idan ɗan wasa ya faɗi da rauni mai tsanani, wajibi ne alƙali ya busa usur, domin kiyaye lafiya ya gabaci neman nasara. Mas'alar da ke haddasa husuma ita ce yadda za a koma wasa.

A dā, alƙali kan saki ƙwallo tsakanin abokan hamayya biyu su yi kokawa a kanta, ko kuwa ɓangare ɗaya ya mayar wa ɗaya saboda ihsani, ihsanin da sau da yawa akan ci amanarsa. A shekarar 2019 majalisar IFAB, wadda hukumar ƙwallon ƙafa ta Nijar, FENIFOOT, ke bin dokokinta, ta kawar da wannan shubuha: alƙali zai saki ƙwallo ga mutum ɗaya na ƙungiyar da ke da haƙƙinta, sauran duka su ja da baya mita 4, idan kuwa a cikin da'irar mai tsaron gida ƙwallo take lokacin da aka tsayar da wasa, shi ake sakar wa. Wannan, a ganina, shi ne adalci. Kuma ba a ƙirga ci daga wannan saki sai ƙwallo ta taɓa ƴan wasa biyu.