Gandu a Zamanin Turawa

Sa'ad da Turawa suka ci Kano a shekarar 1903, manoma da yawa a ƙauyukan Kano da Katsina da Zazzau a gandu suke zaune. Abin da ake nufi da gandu shi ne uba da 'ya'yansa maza, ko wa da ƙannensa, su riƙa noma gona ɗaya, suna ci daga rumbu ɗaya, ko da kowannensu yana da matarsa.

Mai gida shi ne shugaba. Da damina samari sukan fita gonar gandu tun da sassafe, su yi ta aiki har azahar. Bayan nan kowa ya nufi gayaunarsa, watau 'yar gonar da mai gida ya yanka masa. Abin da ya samu a ciki nasa ne. Shi kuwa mai gida wajibi ne ya ba su fartanya da iri, ya ciyad da su duk da iyalinsu, ya biya musu haraji, ya yi musu auren fari.

A cikin gida kishiyoyi sukan karɓi girki kwana bibbiyu. Wadda ke da girki ita mai gida yake auna wa hatsi, ya ba ta kuɗin cefane. Sauran kuwa su yi sana'arsu, kamar kaɗi ko fura ko ƙuliƙuli, 'yan mata su kai talla. Ribar ta mace ce, mijinta ba shi da iko da ita. Da ita take tara wa 'yarta kayan ɗaki.

To, Turawa ba su kafa wata doka a kan gandu ba, amma abubuwa uku sun raunana shi. Na fari, an hana cinikin bayi, aka kuma soke bauta ɗungum a 1936, masu manyan gonaki suka rasa hannuwa. Na biyu, haraji ya koma da kuɗin Turawa, ba da wuri ko hatsi ba. Na uku, hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano a 1911, daga 1912 kuwa cinikin gyaɗa ya kankama.

Daga nan saurayi ya iya shuka gyaɗa a gayaunarsa, ya sayar, ya biya harajinsa da kansa. Wani ya tafi cin rani, wani haƙar kuza a Jos, ya komo da kuɗin aure a aljihu. Wanda ya biya wa kansa haraji da sadaki kuwa, da wuya uba ya tsare shi a gona har azahar. Saboda haka sau da yawa da uba ya rasu sai 'yan'uwa su raba gona, kowa ya kafa rumbunsa.

Samari sun sami 'yancin kansu, amma ran da fari ya zo, ko ciwo ya kwantad da magidanci tsakiyar damina, babu babban rumbun da zai jingina da shi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.