AMSOSHIN TAMBAYOYINKU: Shin Maganin Kwalba Yana Wanke Kabon Daga Injin Mota?

TAMBAYA: Wasiƙarmu ta wannan mako ta fito ne daga hannun wani mai sauraronmu, direban motar haya a Ruwan Bago, cikin Ƙaramar Hukumar Rogo ta Jihar Kano. Ga abin da yake cewa: "Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina jan wata tsohuwar Golf tsakanin Rogo da Karaye da Kano. Kwanan nan ta soma shan mai fiye da ƙima, ga rawa in tana sulo, ga kasala in an zo hawa. Wani mai kayan gyara ya nuna mini wata 'yar kwalba, ya ce in na juye ta a tanki za ta wanke kabon tas, ba sai an sauke inji ba. Bakanikena kuwa ya ce asarar kuɗi ce kawai. Don Allah wa ke da gaskiya? Da motar nan nake ciyar da iyalina."

AMSA: To Malam direba, muna amsa gaisuwa, Allah Ya tsare hanya. Kowannensu yana da tasa gaskiyar. Maganin nan kamar sabulu yake: yana fitar da dauɗa, amma ba ya ɗinke rigar da ta yage. Saboda haka kafin ka fid da kuɗinka, sai ka san ko dauɗa ke damun motarka ko kuwa wani abu ne ya cinye.

Bari mu fara da shi kansa kabon ɗin. Inji yana tafiya ne da ƙona fetur da iska a gauraye. Don wutar ta ci sosai, kowane kilo ɗaya na fetur yana bukatar kilo 14.7 na iska, watau lita ɗaya ta fetur na neman iska wajen lita 9,000. In iska ta yi kaɗan, ko fulogi ba ya ba da wuta yadda ya kamata, ko baƙin mai yana silalowa inda fetur ke ƙonewa, sai wutar ta bar saura. Wannan saura shi ke manne wa ƙarfe yana taurara, kamar ƙanzo a gindin tukunya. Shi ne makanikai ke kira kabon. Yana taruwa a bakin nozul, da bayan bawul, da kan fistin, da bakin fulogi. Ramin nozul ɗan mitsitsi ne ƙwarai, in ya soma toshewa sai ya daina fesa mai kamar hazo, ya koma tsartuwa. Daga nan sai shan mai, da rawa a sulo, da kasala, har da ƙarar ƙyal-ƙyal in ka taka totur da lodi.

Maganin da ake sa wa fetur kuwa ba sabon abu ba ne. A farkon shekarun 1980 kamfanin mai na Chevron a Amurka ya fito da wani sinadari da ake kira PEA, wanda yake sayarwa da sunan Techron. Amfaninsa shi ne yana jure zafi, yana kama dauɗar yana sassaƙe ta kaɗan-kaɗan, ta ƙone ta fita ta salansa. Tun daga 1995 dokar Amurka ta wajabta sa irin wannan sabulu cikin duk fetur da ake sayarwa a ƙasar. A 2004 kamfanonin BMW da General Motors da Honda da Toyota suka ce abin da dokar ta tanada ya yi kaɗan, suka fito da nasu mizani mai suna Top Tier. A 2016 ƙungiyar masu motoci ta AAA ta yi gwaji, ta tarar da fetur mai ƙarancin sabulu yana barin dauɗa a bawul ninki 19 a kan wanda ya cika wancan mizani. Ka ga ke nan mai kayan gyara bai yi ƙarya ba, in dai kwalbar ta ƙwarai ce.

Sai dai fa a yi hattara, kwalaben nan iri biyu ne, kuma mutane na yawan rikita su. Akwai ta tanki, wadda ke bin fetur. Akwai kuma ta cikin baƙin mai, wadda ake zubawa dab da za a yi juye, a bar mota a sulo minti 10 zuwa 15 ba tare da ta motsa ba, sannan a zubar da man, a sake filta. Ta biyun nan tana da haɗari ga tsohon injin da ya daɗe bai ga juye a kan kari ba. Tana iya ɓamɓaro dauɗa gunduwa-gunduwa ta toshe rariyar famfon baƙin mai, mai ya daina hawa sama, inji ya buga. Haka kuma dabarar da wasu ke yi ta wanke inji da kananzir ko gas, ita ma tana tsinka baƙin mai ta bar ƙarfe yana gugar ƙarfe. Ga mota irin taka, Malam, ba mu ba ka shawarar wannan ba sai an buɗe murfin saman inji an ga halin da ciki yake.

To yaya za ka gane ciwon motarka? Sa wani ya taka maka totur, kai kuma ka tsaya a baya ka dubi hayaƙi. In baƙi ne, fetur ya fi iska yawa, sai a duba filtar iska da nozul ko kafireto. In shuɗi ne, kuma kullum sai ka yi ciko na baƙin mai, to ringi ne ya cinye ko robobin bawul. In fari ne mai kauri wanda ba ya ɗaukewa bayan inji ya yi zafi, kuma ruwan lagireto yana raguwa, sai a tuhumi gasket. A cikin biyun nan na ƙarshe bakanikenka ne mai gaskiya, ko kwalba goma ka zuba ba za ta mayar da ƙarfen da ya zaizaye ba. A kwance fulogi ma a duba: busasshen baƙi kamar gawayi alamar fetur ya yi yawa ne, baƙi mai maiƙo kuwa baƙin mai ne ke hawowa.

In babu shuɗin hayaƙi ko fari, fulogi da filta kuma lafiya lau, to a nan ne kwalbar tanki za ta iya yin rana. Ka nemi wadda aka rubuta PEA a jikinta, murfinta a rufe da hatimi, domin jabu sun yi yawa a kasuwa. Ka tabbata ta fetur ce, don ta gas daban take. Ka karanta yawan litar da aka ce kwalba ɗaya za ta ɗauka, kada ka ninka wai don ta fi aiki. Zuba ta lokacin da tanki ya kusa ƙarewa, sannan ka cika da fetur don su gauraya, ka yi doguwar tafiya kamar zuwa Kano da dawowa, inji ya yi zafi sosai. Ya fi kyau a yi haka in lokacin juye ya matso, domin kaɗan daga dauɗar yana gangarawa cikin baƙin mai. Ba kowane shan mai ake zubawa ba, galibi bayan kilomita 5,000 ne. In tanki ɗaya ko biyu ya ƙare ba ka ga canji ba, kada ka sake saye, a je a kwance nozul a wanke.

Akwai kuma wani abu da masu sababbin motoci ya kamata su sani. A tsohuwar Golf, ko mai kafireto ce ko mai nozul, fetur yana bi ta bayan bawul kafin ya shiga, saboda haka maganin yana kai wa wurin. Amma injin da ake kira GDI, wanda Mitsubishi ya fito da shi kasuwa a 1996, Volkswagen kuma ke kiran nasa FSI ko TSI, shi kai tsaye yake fesa fetur cikin silinda. Fetur ba ya taɓa bayan bawul ɗin, balle maganin da ke cikinsa. Kabon ɗin wannan wuri sai an kwance an kankare.

Daga ƙarshe, Malam, ko an wanke, kabon zai dawo muddin abin da ya kawo shi yana nan. Mai bin hanyoyin ƙauye, musamman da hunturu, filtar iskarsa tana saurin cika da ƙura, sai a riƙa duba ta a kai a kai, kada kuma a cire ta a yar wai don mota ta sha iska. A yi juye a kan kari da baƙin mai na ƙwarai, a rage barin mota a sulo ana jiran fasinja. A kuma lura da inda ake shan mai, domin man galan na 'yan bumburutu yakan zo da ruwa ko ƙasa ko haɗi. Ko na gidan mai ma yakan samu matsala: a watan Fabrairu na 2022 kamfanin NNPC ya tabbatar da cewa an shigo Nijeriya da fetur daga Antwerp ta ƙasar Beljiyam mai yawan sinadarin metanol fiye da ƙa'ida. Irin wannan mai ba ya gyaruwa da kwalba, sai an zuƙe tanki. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayu na 2023, kowace lita da ta fita ta salansa ba ta ƙone ba, daga kuɗin cefanen direba ta fita.

Wani gargaɗi ɗaya: kada a tayar da mota a gareji rufe, hayaƙinta yana kisa ba tare da an ji wari ba. Kwalbar kuma a ajiye ta nesa da yara da wuta.

Saboda haka, fara da kallon hayaƙi da fulogi da filta, wanda ba zai ci maka komai ba sai ɗan lokaci, sannan ka yanke shawara.